Bisimilla a Kowane Shafi

Ni dai aikin sanyi ne ya kawo ni Jidda. Wani kamfani mai shigo da daskararrun kaji ya ɗauko ni daga gida, ya ajiye ni a sitonsa na Khumra, can kudancin gari inda ba ka ganin komai sai katangu da manyan motoci. Aikina in tabbatar injinan ɗakunan sanyi ba su tsaya ba. In suka tsaya na rabin yini a zafin garin nan, ba kajin kaɗai za su yi wari ba, har da sunana.

A nan na tarar da Malam. Dattijo ne dogo siriri, mai farin gemu da tabarau masu kauri kamar gindin kwalba. Shi ke rubuta wa kamfanin wasiƙun Turanci zuwa ga masu jiragen ruwa, in amsa ta zo ya juya ta zuwa Larabci. Teburinsa na wani lungu kusa da inda ake dafa shayi. Kowa Malam yake ce masa, har kafilinmu, Balaraben da muke aiki a ƙarƙashinsa. Na yi wata biyu ina gaishe shi ban san Bahaushe ba ne, don Larabcinsa ya fi na wasu masu abin. Sai ranar da na buge gwiwa da ƙarfen ƙofa, na auna mata wani ashar da Hausa, na ji daga lungu an ce, "Sannu, Injiniya. Amma ita ƙofar ba ta da uwa."

Daga ranar muka ƙulla. Na lura lokacin cin abinci, kowa na danna waya, shi kuwa yana duƙe a kan wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba. Na leƙa, na ga haruffa ba boko ba, ba Larabci ba, wasu a nannaɗe wasu da ƙahonni.

"Malam, wannan hatimin na mallake wa ne? Kafili?"

"Rufa mini asiri, a garin nan ba a wasa da wannan zance," in ji shi. "Girkanci ne. Na da, ba na yanzu ba."

A hankali na san labarinsa, don ba mai yawan zancen kansa ba ne. Yana cikin waɗanda aka kai boko da wuri a garinsu. Ya tafi jami'a a kudu, inda 'yan'uwansa ke karatun likita da lauya, shi ya zaɓi Girkanci da Latin. Daga nan aka ba shi gurbin karatu a Turai ya yi 'yan shekaru. Da ya dawo aka rasa inda za a sa shi. Ya ce wani babba a ma'aikata ya juya takardunsa, ya sake juyawa, sannan ya tambaye shi su Girkawan nan a wace jiha suke. Ya koyar da Turanci a sakandare har ya gaji, ya zo aikin hajji, ya ji ana neman mai Turanci da Larabci a bakin tashar jiragen ruwa. Ya auri Hajiya, jikar Hausawan da suka zo da ƙafa tun zamanin da, ya zauna a unguwar Hindawiyya. Maƙala biyu ya taɓa bugawa a wata mujallar masana. Duk duniya in ka tara waɗanda suka san shi a wannan fanni, ba za su cika tabarma ɗaya ba.

Wata Juma'a ya gayyace ni gidansa. In faɗi gaskiya, tuwo na bi, don gwauro ne ni a lokacin, shinkafa da kaza sun fita raina. Gidan a hawa na biyu yake na wani tsohon gini, matakala ƙunci, kyanwoyi a kowane lungu. Hajiya ta ajiye mana shayi da na'ana'a, ta dube ni da tausayi, ta kira ni injiniya da Larabci, ta ce, "Ya Muhandis, kai ma ka shiga hannunsa? Khalas, Allah ya ba ka haƙuri. Ni shekara talatin ke nan ina dafa wa matattun Girkawa shayi."

Da muka yi la'asar ya buɗe ɗakinsa. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, jibge a ƙasa, a kan kujera, a ƙarƙashin gado, kowanne da lamba a bango. Abin da yake yi tun kafin a haife ni ke nan: yana juya tsoffin wasannin kwaikwayon Girkawa zuwa Hausa, irin masu ƙarewa da kuka, yana kuma rubuta doguwar sharhi a kan abin da masanan falsafarsu suka ce game da su. Shafin hagu Girkanci, na dama Hausa, gefe da gefe duk ƙananan bayanai da jan biro. Ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya fara karanta mini. Mutumin da a ofis sai ka matso kake jin muryarsa, sai ga shi ya zama sarki, ya zama tsohuwa, ya zama taron matan da aka ƙone musu gari. Hausar da ya sa musu a baki kuwa irin ta kakata ce, wadda na daɗe ban ji ba. Ina zaune da kofin shayi a hannu na ji hawaye na zubo mini. Na ce iskar fanka ce, ya ce haka ne, fankar nan ta saba yi wa baƙi haka.

Na zama ɗan gida. Kowace Juma'a bayan la'asar ina can, yana karatu ina gardama, don ni ba na iya jin magana in yi shiru. Tambaya ɗaya ce ta cinye masa rayuwa: me zai sa mutum da lafiyarsa ya bar gidansa tun safe, ya hau tudu ya zauna a kan dutse, don kawai ya kalli baƙin cikin wani? Ya ce wani babban masaninsu ya ce wannan kallo ɓata zuciya yake yi, gara a kori masu shirya shi daga gari. Ɗalibinsa kuma ya saɓa masa, ya ce a'a, wanke zuciya yake yi kamar yadda magani ke wanke ciki. Malam ya ce su duka biyun sarkin cikin wasan suka zuba wa ido. Shi kuwa 'yan amshi yake kallo, wato dattawan gari da ke tsayawa a gefen fili tun farkon wasa har ƙarshe. Suna ganin masifa tana tahowa, su yi gargaɗi cikin waƙa, in ta auku su yi kuka, amma ba wanda ke ɗaga hannu a cikinsu.

"Ai waɗannan munafukai ne, Malam," na ce. "Ni da ina wurin, wallahi sai na sha gaban sarkin."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kowa haka yake cewa, Injiniya."

Akwai kuma wani abu da ya sha nanata mini. Girkawa ba sa nuna mutuwa a fili. A bayan ƙofa take faruwa, sai wani ɗan aike ya fito ya gaya wa jama'a. Malam ya ce wannan ɗan aike shi ne mai aiki mafi nauyi a wasan, don ba a yarda ya rage ba, ba a yarda ya yi wa labari kwalliya ba. Yadda abin ya faru haka zai faɗa, ko da mai saurarensa ita ce uwar mamacin.

Tun ranar farko na lura da wani abu a littattafan. A saman kowane shafi, gaba da baya, har wanda Girkanci ne zalla, ya rubuta bisimilla cikakkiya da Larabci. Na tsokane shi na ce ko so yake ya musuluntar da su bayan sun mutu. Bai yi dariya ba. Ya ce lokacin da zai taho Jidda ya bar kundin bincikensa na Turai a gidan wansa, tare da duk rubuce-rubucen da ya tara, cikin akwatin ƙarfe. Bayan shekara biyar ya koma ganin gida, ya tarar akwatin an zuba gyaɗa a ciki. Takardun kuwa, matan gida sun hura wuta da wasu, sauran an ƙulle ƙuli-ƙuli da su an sayar. Ba mugunta ba ce, sun ga boko ne kawai, takardar banza. Ya ce yana tsaye a tsakar gidan ya ga wata tsohuwar gidan ta tsinci guntun takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ta kaɗe ta, ta cusa a tsagar bango don kada a taka.

"A nan na yi wa kaina alƙawari," in ji shi. "Duk shafin da zan sake rubutawa sai na sa masa mai gadi. Babu Musulmin da zai naɗe tsire da sunan Allah, babu mai jefa shi a shara."

Na yaba masa wannan dabara ƙwarai. Ni ne ma na kwaso masa kwalayen kaji daga sito, na shanya su suka daina ƙarni, muka jera littattafan ciki bisa lamba don kada danshin Jidda ya cinye su. Kwali goma sha ɗaya suka cika.

Sai yanar ido ta fara rufe masa idanu. An yi aiki a ɗaya, bai yi wani amfani ba. Ya koma karatu da gilashin ƙara girma, daga baya shi ma ya gagara. Wata Juma'a, maimakon ya miƙe ya yi karatu, sai ya ɗauko littafi mai lamba ɗaya ya ɗora mini a cinya.

"Injiniya, kai kana da kwamfuta. Ni ba ni da ɗalibi, 'yata kuma Hausar baki kawai take da ita, in ta ga ta boko a rubuce sai ta ce tururuwa. Ka buga mini. In ka gama wannan ka zo ka ɗauki na biyu. Ko ba a buga littafi ba, a ce dai yana wani wuri da wani zai iya gani."

Na buga ƙirji. Na ce ai wannan ba aiki ba ne, kafin azumi ya ga kwali ɗaya ya ƙare. Ya ce, "A hankali dai, alƙawari kaya ne." Na ce kafaɗata mai faɗi ce.

Shafi tara na buga. Zan iya kawo uzuri har gobe, kuma na kawo. Haruffan Girkanci sai an nemo su ɗaya bayan ɗaya. Rubutunsa ƙanana ne. Injina sun tsufa, kullum ana kirana. Na yi aure, na fara gini a gida ta waya, ina faɗa da magina daga nan. Amma duk wannan bai hana ni kallon ƙwallo ba ko sau ɗaya. Kowace Juma'a sai ya ce, "Ina muka kwana?" in ce, "Ana kai, Malam." Wata rana ya daina tambaya, kuma wannan shirun ya fi tambayar ci mini rai. Saboda kunya na fara tsallake Juma'a, daga ɗaya zuwa biyu, har ta kai sai in yi wata uku ban taka matakalar nan ba. Littafin yana cikin durowata a ƙarƙashin fasfo, duk lokacin da zan sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai mun haɗa ido.

A cikin shekarun nan Hajiya ta rasu, Malam ya bar aiki. 'Yarsa ta dawo gidan da yaranta biyu don ta kula da shi, mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Mace ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana, tana aiki a wajen karɓar marasa lafiya na wani asibitin haƙori. Sai abubuwa biyu suka faɗo mata a wata guda. Ɓarin jikin Malam ya shanye aka kwantar da shi a asibiti, sannan aka zo aka fesa jan fenti a bangon gidansu, alamar layinsu ya shiga cikin waɗanda za a rushe.

Ranar wata Litinin ta kira ni a kan kayan mahaifinta, wanda take ce wa Abuya. "Ya Muhandis, kwalayen Abuya fa. Gidan da muka samu ɗaki biyu ne, ya'ni ko mu ko su. Ka zo ka ɗauka, don Allah."

"Juma'a, in sha Allahu," na ce.

Ranar Laraba ta kira sau biyu. Na farko ina kan tsani a ɗakin sanyi, ban ji ba. Na biyu kuwa ina zaune ina shan shayi, wayar na hannuna. Na ga sunanta, na ce a raina tuni za ta yi mini, ni kuma ba na son tuni, ai na ce Juma'a. Na kife wayar. Ban san da safen nan aka yanke musu wuta da ruwa ba, aka ce kowa ya fita kafin gobe.

Juma'a bayan masallaci na ari dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya ta sito, na nufi Hindawiyya. Da ƙyar na gane layin. Rabinsa ya zama tsibin bulo da ƙarafa, ana hango bangon ɗakunan mutane da fentinsu a waje. Ginin su Malam na nan tsaye, amma an ciccire ƙofofi. Na hau da gudu. Ɗakin wayam, sai shatin kwalaye a ƙasa, wuri goma sha ɗaya da suka fi sauran daɓen haske. Ban damu ba tukuna, na ɗauka ta samu yadda ta yi ta tafi da su. Na kira ta ta yi mini kwatance, na bi ta har sabon gidan, can gabashin gari.

A bakin ƙofa ta tare ni. Na ce ina kwalayen in kwashe. Ta ce, "Na kai su masallaci."

Na gane nan take, amma na tsaya kamar ban gane ba. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san akwatin nan na ƙarfe da ake ajiyewa a gefen masallatai, mai tsaga a sama, inda ake saka tsohon Alƙur'ani da littattafan addinin yara da duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Mota na zuwa ta kwashe.

"Mai motar kaya ya ce ba zai dawo sau biyu ba," in ji ta. "Leburori suka ce in bar su, katafila za ta tafi da su. Na buɗe ɗaya, bisimilla. Na buɗe wani, bisimilla. Kowace waraƙa, gaba da baya. In bar sunan Allah a ƙarƙashin ƙasa da shara a taka? Haram, ya Muhandis. Na yi alwala, ni da maƙwabciyata muka ɗauka. Daga azahar har la'asar ina sakawa, uku-uku, don tsagar ba ta da faɗi. Da ya cika, ladan ya ce in jera sauran a gefe, ya rufe da leda."

Allah ya yafe mini abin da na gaya wa baiwar Allah nan. Na ce aikin shekara arba'in ta zubar. Na ce ba ta san darajar ubanta ba. Na ce jahilci ya fi hauka ciwo. Ina ɗaga murya a matakalar mutane, har wata maƙwabciya ta leƙo. Ta bar ni sai da na gaji, idonta ya kaɗa amma ba ta yi kuka ba.

"Na kira ka sau biyu," ta ce. "Kuma littafi ɗaya yana wurinka shekara huɗu. Da ka gama shi, da ka ɗauki na biyu, da yanzu babu komai a ɗakin."

 Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nata.

Na juya dabbab na koma. Masallacin na nan shi kaɗai a tsakiyar kufai, akwatin a gefensa. Na leƙa ta tsagar, na zura hannu har kafaɗa, ban taɓo komai ba sai ƙarfe mai zafi. Ladan ya ce tun safiyar Alhamis motar ta zo, saboda rusau kullum suke zagayowa yanzu. Ya yaba wa matar da ta kawo su, ya ce irinta sun yi ƙaranci. Asabar da sassafe na gano wurin da ake kai su, wani sito ne da bai fi tafiyar minti goma daga namu ba. Wani ma'aikaci mai fara'a ya zagaya da ni. Alƙur'anin da zai gyaru suna gyarawa su raba. Takardun hannu kuwa a ranar ake jiƙa su a cikin wani babban kwatami har tawada ta fita, sannan a markaɗa. Ya nuna mini kwatamin, ruwa toka-toka yana juyawa. Da ya ga fuskata sai ya dafa ni ya ce in kwantar da hankalina, ba wanda ya taka su, da girmamawa aka yi komai.

Bayan mako guda aka sallamo Malam. 'Yarsa ta kira ni, wannan karon a bugun farko na ɗauka. Ta ce tun a mota yake tambayar kwalayensa, ita kuma ta ce masa suna wurina. "Ka zo ka ce haka ne. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Ba gani yake yi ba, ba zai sani ba."

Na yarda. Na ɗauki littafi mai lamba ɗaya da shafukan nan tara na tafi bayan la'asar, da niyyar in yi ƙarya mai kyau. Na same shi a kwance a ɗakin da yake rabawa da jikokinsa, bakinsa ya karkace, hannun dama a kan ƙirji kamar ba nasa ba. Ya rame har tabarau sun yi masa yawa. Maganarsa na fita a hankali, kalma-kalma.

"Injiniya. An ce kajinka sun koma wurinka."

Na buɗe baki in ce e. Sai na tuna da shi a tsaye, babu hula, yana gaya mini aikin ɗan aike. Shekara nawa mutumin nan ya yi yana koya mini abu ɗaya, in zo in kasa shi a gabansa? Na ja kujera na zauna, na gaya masa duka. Litinin, Laraba, wayar da na kife, akwatin masallaci, kwatamin. Ban rage ba. 'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi.

Ya juyo da fuska wajena. Sannan ya ce, "An jefa a shara?"

"A'a, Malam."

"An naɗe wani abu da su?"

"A'a."

Ya juya kai wajen ƙofa. "Da alwala kika ɗauka?"

"Da alwala, Abuya," ta ce.

"Allah ya yi miki albarka. Haka uwarki za ta yi." Ya yi wani sauti da ban san ko dariya ce ko kuka ba, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ba ya ma jin sa. "Mai gadin da na ɗauka ya yi aikinsa. Abin da na roƙa ke nan, kada a wulaƙanta su, kuma an ba ni. Ban tuna na roƙi a karanta su ba."

Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Malam, laifina ne." Bai ce ba laifina ba ne, don shi ba ya ƙarya. Ya ce, "Me ka zo da shi? Na ji ƙarar takarda."

Na karanta masa littafin farko tun daga bisimilla. Gabatarwar sharhin ce, inda ya shimfiɗa tambayarsa, ya kawo maganar babban masanin da ta ɗalibinsa. Ban iya karatu kamarsa ba, ina tuntuɓe a sunaye yana gyara mini. 'Yarsa ta shigo ta zauna a bakin gado. Ita ce rana ta farko da ta ji abin da ke cikin littattafan da ta girma tana tsallakewa, kuma da yake kunnenta ya san Hausa, ta gane komai. Na ga tana gyaɗa kai a wani wuri, sai ta sunkuyar da fuska. Muka tsaya muka yi magariba, na ci gaba har shafin ƙarshe. A layin ƙarshe ya rubuta cewa amsar da shi ya samu, bayan dogon nazari a kan 'yan amshi, ita ce, sai takarda ta ƙare. Sauran jimlar na cikin littafi na biyu.

"Ita ce me, Malam?" na ce. Na zaro biro. "Faɗa mini in rubuta. Ko kaɗan-kaɗan ne, kullum zan riƙa zuwa."

Ya rufe ido. Leɓɓansa suka yi ta motsi, ina jira da biro a kan takarda. Ya fara wata kalma ya sake ta, ya kamo wata da Girkanci ita ma ta kuɓuce. Can ya buɗe ido ya ce, "Da nan take. Na san da nan take."

Na ci gaba da zuwa kullum, kamar yadda na ce, yanzu da zuwan ba ya da amfani. Wasu ranaku yakan tuno baiti biyu ko uku na matan da aka ƙone wa gari, in rubuta. Jimlar nan dai ba ta dawo ba. Kafin shekara ta zagayo ya rasu, muka kai shi da safe, ba mu fi sahu biyu ba.

Da aka share makoki na zauna na buga littafin gaba ɗaya, har da Girkancin da na ce yana da wuya. Na ƙirga, don ina so in san girman kayan da na kasa ɗauka shekara huɗu. Kwana shida ya ɗauke ni, bayan tashi daga aiki. Na kai wa 'yarsa kwafi ɗaya, ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe shafin ƙarshe ta ce in nuna mata inda ya tsaya. Na ɗora yatsa a wurin. Ta daɗe tana kallon farar takardar da ke ƙasa, sannan ta ce, "Ya taɓa gaya maka, ko? Duk Juma'o'in nan, ya'ni dole ya gaya maka."

Ina jin ya gaya mini, ba sau ɗaya ba. Amma ni a lokacin gardama nake yi.